Gregory Mai Bes da Rigar da Aka Sa Masa Yana Kiɗa

Da hantsi Gregory yake fara aiki, a gidansa na Largo, kusa da Washington. Zai ɗora ruwa ya yi ɗumi, ya barbaɗa gishiri, ya tsoma yatsunsa har su saki. Sannan ya fito da bes ɗinsa. Bes kamar goge yake, sai dai ya fi mutum tsawo, tsirkiyarsa huɗu, kuma da yatsu ake fizgarsa. Zai share shi da tsumma, ya ɗaure tsirkiya, ya kasa kunne. In ya gamsu, sai ya rungumo shi ya fito bakin titi ya jira ni.

Ni ne direban ƙungiyarsu, na daɗe ina tuƙa su. Ban yi boko ba, kuma ba na yabon mutum don ya ji daɗi. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Sunan ƙungiyar, in an juya shi da Hausa, Jirgin La'asar. Sun kafa ta suna samari, yau shekara arba'in da ɗoriya. Kiɗa biyu suke yi, bulus da suwin. Bulus na baƙaƙen ƙasar nan ne, kukan zuci ne: mai waƙa ta faɗi baiti, ta maimaita shi, sannan ta ba kanta amsa. Suwin kuwa na rawa ne, namiji da mace riƙe da hannu suna juyi. Sun yi wasa a ɗakunan rawa na Washington, da bukukuwan aure, da gidajen tsofaffin sojoji. Lokacin korona a filin ajiye motoci na wani gidan tsofaffi suka riƙa tsayawa, mutane na kallo ta taga. Masu busa sun mutu, an maye gurbinsu. Mai ganga ya koma kudu wurin jikokinsa, aka ɗauko wani. Cikin na farko biyu suka rage: Rachel mai waƙa, da Gregory.

Abu ɗaya ya daɗe yana ɗaure mini kai. Al'adarsu ce a tsakiyar waƙa a ba kowa fili. Sauran su sassauta, mai ƙaho ya busa shi kaɗai, a tafa masa. Mai piyano ya yi nasa. Mai ganga ya yi nasa. In layi ya zo kan Gregory sai ya girgiza kai, a wuce shi. Kullum. Yana can baya a tsaye, kayansa ya fi na kowa girma, sunansa ya fi na kowa ɓuya. A wurinmu makaɗi neman gaba yake yi. Wannan wane irin makaɗi ne?

Wata rana a hanyar Springfield na tambaye shi.

"Gregory, ba ka iya ba ne, ko kunya kake ji?"

Ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin an tafa wa tayar mota?"

Na ce a'a.

"To cire ta ka gani."

Rachel ta ɗago daga kujerar baya. "Kar ka saurare shi, Alhaji. Taurin kai ne kawai. Tun gashina na baƙi nake roƙonsa."

Daga ranar na daina zama a mota in suna wasa. Na riƙa shiga ina kallon ƙafafun masu rawa. Ashe ba ƙaho suke bi ba. Gregory suke bi, ba su ma sani ba.

Gregory, kai ne ginshiƙi, ɗaki yana kanka, baƙo rufi yake yabo. Kai ne ba ka taɓa cin abinci a motata da azumi ba, ni kuwa ban taɓa hana ka ba. Kai ne in lokacin salla ya yi kake cewa a tsaya, kafin ni in buɗe baki. Maƙwabcinka Ɗan Azumi, mutumin Maraɗi mai tuƙa tasi, shaida ne: da aka kwantar da matarsa Zeinabou a asibiti, kai ka riƙa kai 'ya'yansu makaranta kana ɗauko su har aka sallame ta. Direbobinmu duk sun ji wannan, ba kuma daga bakinka ba.

Bana amosanin gaɓɓai ya ci ƙarfin yatsunsa. Likita ya ce ya ajiye kiɗa. Aka sa wasan ƙarshe a wani lambun shaƙatawa a Upper Marlboro, bayan azahar. Rachel ta ja ni gefe.

"A waƙar ƙarshe dukanmu za mu yi shiru. In bai kaɗa ba, waƙa ta mutu a hannunsa. Ba zai tafi ba tare da an ji shi shi kaɗai ba, ko sau ɗaya ne."

"In yatsun suka ƙi fa?"

Ta ce, "To mun kunyata shi a ranarsa. Ka yi mana addu'a."

Su Ɗan Azumi ba su san da wannan shiri ba. Nasu shirin daban. A wurinmu makaɗi in ya yi abin kirki, riga ake sa masa a bainar jama'a. Sun sa an ɗinko babbar riga shuɗiya mai aiki daga gida, Sharifu abokin tuƙinsa yana riƙe da ita.

Waƙar ƙarshe bulus ce. Rachel ta kai tsakiya, ta ɗaga hannu. Ƙahoni suka sauka, piyano ya yi tsit, mai ganga ya ɗora sanduna a cinya. Gregory ya harare ta. Ta harare shi. Sai ya sunkuyar da kai ya fara. A hankali, da kauri, kamar dattijo na magana a zaure. Ban san icen nan yana da baki haka ba.

Sai na ji muryar Ɗan Azumi: "An gama! Sharifu, taho da rigar!"

Na ce, "Kai, Ɗan Azumi, ba a gama ba!"

"Haba Alhaji, masu ƙaho sun sauke, mi ya rage?"

Kafin in kai gare su sun hau dandamali, sun jefa masa rigar ta ka. Ta rufe shi ruf, har da wuyan bes ɗin. Rachel ta dafe baki. Na ce shi ke nan, an ɓata.

Kiɗan bai tsaya ba. Daga cikin riga yake fitowa. Masu rawa ba su rasa taku ko ɗaya ba. Can kansa ya ɓullo ta wuyan rigar, tabarau a karkace. Allah ya sa babbar riga gefenta a buɗe yake. Sharifu ya janye ta daga kan tsirkiya, ya naɗe masa hannuwan a kafaɗa yadda ake yi wa manya, shi kuwa yana ta fizga. Ya kai zagayen ƙarshe, ya ƙara wani da ba wanda ya roƙe shi. Mutane suka miƙe tsaye. Rachel ta shigo da baitinta, rabi waƙa rabi dariya, hawaye na zuba.

A mota bai cire rigar ba.

"Alhaji, haka kuke yi wa kowa?"

"Sai wanda ya isa. Yaya yatsun?"

"Na manta da su."

"To me ya hana ka kaɗa kai kaɗai tuntuni?"

Ya shafa aikin rigar ya ce, "Ba wanda ya taɓa zuwa da riga."

Mun gode, Gregory. Allah ya ba yatsunka sauƙi, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma 'yan'uwa, ku koyi riƙe aiki irin nasa, ba tare da leƙen wa ke kallo ba. In akwai irinsa a asibitinku, ko a tasharku, ko a cikin gidanku, ku kai masa rigarsa tun yana raye. Amma ku tambaya tukun ko an gama waƙar.