Jar Fitilar Yunana Mai Ƙwai

Yunana ya yi shekaru yana aikin injin niƙa a kasuwar Samaru, kuma ƙarar injin ce ta cinye masa kunne. Na hagu ya mutu murus, na dama sai an ɗaga murya. Da ya bar niƙa sai ya koma sarin ƙwai. Yakan ɗauko daga wata gonar kaji a bayan Shika, ya jera kiret-kiret a kariyar bayan kekensa, ya kai wa masu shayin Samaru, waɗanda ba sa kafa tebur sai rana ta faɗi. Shi ya sa kusan kullum duhu ke riskarsa a titi.

Wata Talata bayan magariba, yana tafe da kaya, sai kawai ya ji iska ta make shi. Kafin ya ankara yana cikin kwata, ƙwai ya yi masa wanka. Motar yashi ce ta goge shi. Direban ya sauko ya nufo shi da gudu.

"Baba, wallahi ban gan ka ba sai da na zo kanka! Na yi ta danna hon!"

Yunana bai ji hon ko ɗaya ba.

A gida, matarsa Baturiya tana gasa masa gwiwar hannu da ruwan zafi, ta matso wajen kunnensa na dama.

"Baban Peace, ko ka ajiye keken nan, ko ka sa masa abin da za a riƙa ganinka. Ba zan zauna ina jira a kawo mini kai a tabarma ba."

Da hannun ya yi sauƙi, ya tura keken zuwa Sabon Gari, shagon Iyke mai kayan keke, wanda a unguwar aka haife shi, Hausa raɗau a bakinsa. Iyke ya baje jajayen fitilu a kan kantar shagon, ya ɗaga wata 'yar siririya.

"Wannan ta caji ce, Baba! Ta fi kowacce haske!"

"Unguwarmu wuta sai ta ga dama take zuwa. In ta mutu mini a hanya fa?"

Iyke ya ɗauko wata mai batir, faffaɗa kamar tafin hannu. Ya danna sau ɗaya ta tsaya cak da ja, ya sake dannawa ta fara ƙyaftawa.

"Bar ta a mai ƙyaftawa. Direba mai gyangyaɗi ma sai ya farka."

Ya sunkuya zai ɗaura ta ƙarƙashin sirdi, Yunana ya riƙe masa hannu.

"Kiret zai rufe ta. Kai ta can wutsiyar kariya."

Can ɗin aka ɗaure ta da waya.

Washegari ya baro gona da cikakken kaya. Duhu ya same shi dab da wata kwalbati inda gefen kwalta ya zaizaye, babu wurin kaucewa. Nan ya ga inuwarsa ta miƙe doguwa a gabansa. Babbar mota ce a baya, ya gane daga yadda ƙasa ke girgiza har cikin tafin ƙafarsa. Ba halin waiwaye, kayan za su kayar da shi. Fitilar tana ci kuwa? Ko ramukan hanya sun kakkaɓe ta? Inuwar ta fara gajarta. Ya damƙe kan keken, yana ta maimaita sunan Yesu a zuci.

Sai inuwar ta daina gajarta. Ta tsaya yadda take, tana tafiya tare da shi. Direban ya rage gudu, yana bin sa sannu a hankali har ya haye kwalbatin. Sannan tankar mai ta buɗe can tsakiyar titi, ta wuce shi da tazara mai yawa.

Yunana ya sauka, ya zagaya bayan keken. Fitilar tana nan tana ƙyaftawa. Ya jingina da kiret ɗin yana kallonta. Bai iya sake hawa nan take ba. Tura keken ya yi ta yi, sai da ya hango fitilun Samaru sannan ya ɗora ƙafa a feda.