Haƙorin Goɗiyar Zigan

Damagaram zuwa Agadas

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gida, ranar Talata, da jaka ɗaya da wasiƙar gayyata a aljihun gaba. Shekara ashirin da biyu ke nan ina aikin likitan dabbobi a Damagaram, amma aikin nawa kusan duk na shanu ne da tumaki da raƙuma. Doki kuwa in an kawo mini shi, abin da na koya tun ina saurayi nake lalubowa. Saboda haka da na ji ana kiran likitocin dabbobi daga ƙasashen Afirka zuwa Sabha, a yi mako biyu ana sabunta musu ilimin dawaki, ban tsaya wata shawara ba. Shekarun nan ne da Libiya ta buɗe ƙofa ga ƴan Afirka, kowane gida a unguwarmu da wanda ya tafi can.

Mai ɗakina Rabi ta rako ni bakin ƙofa da ƙunshin kilishi.

"Yanzu da furfurarka za ka koma lakkol ɗaukar karatu?"

Na ce, "To ai ba a ce a zo da baƙin gashi ba."

Ta yi dariya, ta yi mini addu'a. Motarmu ta bar tasha ƙarfe shida daidai. Muka karya da shayi da ƙosai a Tanut, jandarmomi suka duba takardunmu sau biyu, muka shiga Agadas bayan la'asar, tafiyar wajen kilomita ɗari huɗu da hamsin. A nan na tarar jirgin Sabha ya cika, na gaba kuma sai an yi kwana biyar da fara karatu. Na ce to, ƙasa ma hanya ce.

Sahara

Na samu gurbi a wata buɗaɗɗiyar mota, mutum goma sha takwas a baya, kowa da jarkar ruwansa da sandar da zai riƙe. Direban, wani Batube mai suna Barka, ya karanta wasiƙata a juye, ya miƙo mini.

"Likita ne kai?"

"Na dabbobi."

"Madalla. Shiga gaba. Waɗannan na baya kafin mu kai Dirku duk za su zama naka."

Kwana biyu muka yi kafin Dirku. Ba zan ɓoye muku ba, hanyar akwai wuya: sau uku muka sauka muna tura mota cikin rairayi, bayana kuma har yau bai yafe mini ba. Amma ban taɓa shan shayi mai daɗin wanda Barka yake dafawa da hantsi a inuwar mota ba. Abincinmu gari da sukari, dabino, taliya da kifin gwangwani. Kilishin Rabi bai ga Dirku ba, don da aka ji ƙanshinsa kowa ya zama ɗan'uwana.

Daga Dirku muka bi ta Madama muka tsallaka iyaka a Tumo. A nan na koyi kalmar Larabcin Libiya ta farko, bawwaba, wato shingen ƴan sanda. Wasiƙar nan mai hatimi ta yi mini rana. A Gatrun wani soja ya karanta ta, ya sara mini, sannan ya ja ni gefe ya tambaye ni maganin akuyar mahaifiyarsa mai zawo. Daga nan kwalta ce sumul. Ranar Litinin da azahar, kwana shida da barin gida, muka shiga Sabha.

Sabha

Gari ne babba, ga alluna ko'ina da taswirar Afirka a jiki. Na shiga tasi ta haɗaka zuwa masauki, muka ratsa unguwar Jadid, inda na ga samari jere a bakin titi, wani da shebur, wani da guduma, wani da burushin fenti, suna jiran mai ɗaukar aikin yini. Ta tagar mota na jiyo Hausa, har da irin ta mutanen Tawa.

An haɗa ni ɗaki da wani likita daga Kano, Dakta Lawan, mutum mai ƙiba da barkwanci. Ranar farko na ce masa gobe za a fara koya mana radiyo. Ya dube ni.

"Radiyo kuma? Gyaran rediyo muka zo koya?"

Sai da muka yi ta ja kafin muka gane abin da mu muke kira radiyo shi su suke kira eksire. Muka yi sulhu a kan "hoton ƙashi".

Mu ashirin da ɗaya ne a ajin, daga Cadi, Mali, Sudan, Gana da sauransu. Malamarmu Dakta Salma, ƴar garin ce, ba ta kai ƙanwata ta uku shekaru ba. Ana fara karatu ƙarfe takwas, a tashi ƙarfe biyu. Mako na farko muka yi ciwon ciki na dawaki, da ɗingishi, da ciwon kofato, da yadda ake tsayar da doki a ɗauki hotonsa ba tare da hasken ya cutar da mai riƙon ba. Ana rataya mana wata riga mai dalma, nauyinta kamar an goya maka ɗan maraƙi.

Ranar da aka fara karanta hotuna, ta liƙa ɗaya a jikin fitila ta ce in fito. Na gyara tabarau, na nuna wani layi, na ce ga karaya nan a fili. Ta ce cikin ladabi, "Ya Dakta, wannan gaɓa ce. Kowane doki da ita aka haife shi." Aji ya fashe da dariya, Lawan ya fi kowa. Na ji kunya ƙwarai, amma da la'asar na koma na roƙe ta hotuna goma na zauna da su har magariba.

Abinci kam ba laifi. Burodi kusan kyauta ne, ga taliya da miyar tumatir mai yaji, ga bazin, wani tuwon sha'ir mai tauri da ake ci da hannu. Lawan ya ce wannan tuwo ko an jefi mutum da shi sai an kai shi asibiti, amma bai taɓa rage ko loma ba.

Zigan

Ranar Asabar ta mako na biyu aka ɗebe mu a ƙaramar bas ƙarfe bakwai, zuwa Zigan, wani ƙauyen dabino kusa da Samnu, tafiyar sa'a ɗaya da ƴan mintoci. Gonar wani dattijo muka je, Alhaji Miftah, mai dawaki bakwai. Ya karɓe mu da shayi mai kumfa da gyaɗa a ciki, sannan ya kai mu turken wata jar goɗiya. Kyakkyawa ce, amma ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta.

Dakta Salma ta fassara mana bayaninsa. Wata uku ke nan goɗiyar tana zubewa. An ba ta maganin tsutsa sau biyu. Shi dai ya gama yanke hukunci: mai kula da ita ne yake sayar da sha'ir ɗinta, kuma ƙarshen makon nan zai sallame shi.

Mai kula da itan yana tsaye riƙe da ragama, kansa a ƙasa. Dogo ne, zai yi shekara talatin da biyar. Da na ga tsagen fuskarsa na ce, "Sannu da aiki. Mutumin ina ne?"

Ya ɗago da sauri. "Baba, Bahaushe ne kai? Ni ɗan Mirriya ne. Haruna sunana."

Mirriya da Damagaram ko kilomita ashirin ba su kai ba. Muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna. Ya ce shekararsa huɗu a gonar, kuma takardar zamansa da sunan Alhaji aka yi ta. In an kore shi da sunan ɓarawo, ba mai gonar da zai sake ɗaukarsa a yankin, sai dai ya koma bakin titin Jadid da shebur.

"Wallahi Baba ko ƙwaya ban taɓa ɗauka ba. Tana son ci. Sai ta tauna ta tauna, ta karkata kai, ta zubo da ciyawar a dunƙule kamar an murza ta. Na faɗa wa mudir, wato Alhaji, amma Larabcina na a-kawo-a-kai ne. Ya ɗauka cewa nake abincin ba shi da kyau."

"Ina dunƙulen?"

"Ina sharewa kullum da safe, don kada a ce ban iya tsabta ba."

Ya kai ni bayan garke. Ga su nan tuli, ciyawa taunanniya a cure kamar kashin raƙumi. Kwana biyu kafin nan aka koya mana wannan alamar. Na ɗebo uku a tafin hannu na kai wa Dakta Salma, ina addu'ar kada in sake yin irin ta gaɓa. Na ce, "Ina jin bakinta ne."

Ta dubi hannuna, ta dube ni. "To buɗe mu gani. Taka ce."

Muka yi wa goɗiyar allurar kwantar da jiki, muka sa mata ƙarfen buɗe baki. Na tura hannu har gwiwa. Gefen mataunanta ya yi kaifi kamar wuƙa, ya yayyanke mata kunci, can ciki kuma ta hagu na taɓa wani haƙori da yake motsi, ga wari. Aka kawo na'urar hoto ta tafi-da-gidanka, aka haɗa ta da janareto. Lawan ya sa rigar dalma ya riƙe faifan hoton, yana cewa in goɗiyar nan ta tauna shi a gaya wa iyalinsa ya mutu a bakin aiki.

Sai an koma Sabha za a wanke hoton. Dakta Salma ta roƙi Alhaji ya dakata da maganar kora kwana biyu. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ya ji.

Komawa Zigan

Washegari aka liƙa hoton a gaban aji, aka sake cewa in fito. Wannan karon na ɗauki lokacina. Haƙori na huɗu a muƙamuƙin ƙasa ya tsage gida biyu, ga wani duhu a saiwarsa inda ƙashi ya fara ruɓa. Na faɗi abin da na gani. Dakta Salma ta ce, "Haka ne." Lawan ya tashi ya rungume ni har tabarau ya faɗi.

Ranar Litinin ƙarfe tara muna gonar. Cire haƙorin doki ba wasa ba ne. Sa'a ɗaya da rabi ina girgiza shi da ƙarfe a hankali, Dakta Salma tana bayana tana cewa kada in yi gaggawa, Haruna yana shafa wuyan goɗiyar yana yi mata magana da Hausa. Da haƙorin ya fito, tsawonsa ya kai ɗan yatsana. Na goge kaifin sauran da magagari, muka wanke ramin, na koya wa Haruna yadda zai riƙa jiƙa mata dusa da wanke bakin kullum.

Alhaji Miftah ya karɓi haƙorin ya juya shi, ya ɗaga hoton sama ya daɗe yana kallo. Sannan ya taka har gaban Haruna, a gabanmu duka, ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Samihni." Ko ba fassara kowa ya gane gafara yake nema. Haruna ya yi ta gyaɗa kai. A ranar nan rago aka yanka mana, muka ci a inuwar dabino har aka kira la'asar.

Da za mu shiga mota Haruna ya biyo ni da kwalin dabino da kaset ɗaya a naɗe cikin leda.

"Dabinon naka ne, Baba. Kaset ɗin na Inna ne, in ba zai zame maka wahala ba. Gidan yana bayan kasuwa, a tambayi Inna Hajo mai daddawa."

Gida

Ranar Alhamis aka raba mana takardun shaida. Na yi sallama da Lawan a filin jirgi, shi zai bi ta Tarabulus. Ni kuwa na dace da jirgin Agadas, hanyar da ta ci mini kwana biyar a ƙasa muka shafe ta cikin sa'a biyu. Asabar da magariba ina gida, na tarar da kowa lafiya.

Lahadi da hantsi na hau babur zuwa Mirriya. Inna Hajo tsohuwa ce ƴar ƙarama, idonta ɗaya ya yi yana. Ta aika aka aro rediyo a maƙwabta, matan gida suka kewaye mu. Muryar Haruna ta fito, ya gaida kowa da sunansa har da tunkiyar gidan. Ya ce yana lafiya, aiki lafiya, maigidansa mutumin kirki ne. Bai ambaci zargi ko kora ba ko da kalma ɗaya, ni ma ban ambata ba.

Da kaset ya ƙare ta matso ta kama hannun rigata.

"Ɗan nan, kai ka gan shi da idonka. Muryar ta yi mini daidai, amma murya ba ta nuna jiki. Ya rame?"

Na ce, "Inna, tare muka ci rago. Ya fi ni ci."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce a mayar da kaset ɗin farko.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Dakta Salma da ta yi haƙuri da tsohon ɗalibi, da Barka direba, da Lawan, da duk wanda ya ba ni ruwa a hanya. Allah ya saka wa kowa da alheri.