Wanda Ya Fi Kowa Zaman Akurki

Shekarun baya, lokacin da zama ya kai ni Alƙahira, na yi aikin jinyar wani tsohon Bature a unguwar Ma'adi. Zan kawo labarin bi da bi yadda ya faru, don ni ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

Karatu na je yi Masar, amma takardun sakandarena ba su kai ni ko'ina ba. Na tare a Hada'iƙ el-Ma'adi tare da wasu 'yan gida, kowa na neman abin sawa a baka. A cikin shekarar 2012 abokina, wani mutumin Maraɗi da ke tuƙa wata Baturiya 'yar Kanada, ya ce mini matar tana neman wanda zai kula da mahaifinta.

"Aikin ba wuya, mutumina," in ji shi. "Wanka, abinci, magani, khalas, shi ke nan. Sai dai fa tsohon yana duka."

"Duka kamar yaya?"

"Kamar harbin jaki. Kai da Allah ya hore wa dogon wuya, sai ka koyi sunkuyawa."

Na ɗauka zolaya ce irin tasa.

Matar, wadda muke kira Madam, malamar makaranta ce, kuma ranar farko ba ta ɓoye mini komai ba. Mahaifinta ya fara rikicewa, wani lokaci ko ita ba ya ganewa. Mahaifiyarta ta rasu. Tana da wa a Kanada wanda yake son a kai tsohon gidan da ake kulle irin waɗannan marasa lafiya. Ita ta ƙi, ta ɗauko shi ta kawo shi wurinta. Amma sun yi sharaɗi da wan nata: duk ranar da tsohon ya sake ji wa wani ciwo, magana ta ƙare, za a zo a tafi da shi.

"Idan ya shiga can ba zai fito ba," ta ce. "Ni kaɗai ce na rage masa. Ka taimake ni ya zauna a nan."

Na ce in Allah ya yarda.

A bangon falo akwai wani babban hoto cikin gilashi, fuskokin mutum huɗu a jere. Ta tsayar da ni gabansa ta yi mini bayani. Mahaifinta tsohon ɗan wasan hoki ne na kan ƙanƙara, sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Ni kuwa iyakar sanina da ƙanƙara ita ce wadda ake jefawa cikin zoɓo. Ta ce fili ne guda na daskararren ruwa, 'yan wasa suna sa takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, suna sulɓi a kai, suna kora wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna zuwa raga. Mutum huɗun nan su ne suka fi kowa a duk tarihin ƙungiyarsu. Na farko ya fi kowa zura faifan a raga. Na biyu ya fi kowa miƙa wa wani ya ci. Na uku ya fi kowa yawan wasanni. Na huɗu shi ne mahaifinta.

"Shi me ya fi kowa?" na tambaya.

Ta ce, "Mintunan horo."

A wasan nan, in ka yi laifi, alƙalin wasa yakan kore ka zuwa wani ɗan keɓaɓɓen wuri a gefen fili ka zauna. Ni akurki nake ce masa, don da na gan shi a bidiyo da akurkin kaji ya yi mini kama. Wanda ya yi faɗa minti biyar yake zama. Ana lissafa mintunan nan ana tarawa, shekara da shekaru, kamar yadda ake tara cin raga. To, aikin da ƙungiya ta ɗauki tsohon nan domin shi, shi ne faɗan. Idan abokan hamayya suka taɓa gwanin ƙungiya, shi ake saki ya je ya rama. Jama'a su miƙe tsaye suna ihu. Babu wanda ya kai shi zaman akurki a tarihin ƙungiyar, kuma likitoci sun ce dukan da ya sha a ka a shekarun nan shi ya kawo shi inda yake.

Baba nake ce masa. Ƙato ne har a tsufansa, hancinsa a karkace, gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura kamar 'ya'yan goruba. Shi kuma Alƙali yake ce mini, saboda wata riga mai ratsin fari da baƙi da na sa ranar farko, irin ta alƙalan wasansu.

Ban yi mako guda ba na ɗanɗana harbin jakin. Na zo yi masa wanka, na kama singiletinsa na ja ta kansa zan cire. Ban ga hannun ba. Na dai tsinci kaina zaune a ƙasan banɗaki, bakina cike da jini, haƙorina ɗaya yana lilo. Baba kuwa ya wuce ni, ya tafi lungun da ke tsakanin firji da bango inda ake ajiye wata kujerar roba, ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, yana kallon gaba yana haki.

Da Madam ta dawo ta ga bakina, sai ta dafe kai.

"Ta ka ka cire masa? Wayyo, laifina ne, na manta ban gaya maka ba. A wasansu haka ake fara faɗa. Mutum ya kamo rigarka ya ja ta kanka, ya rufe maka ido, sannan ya yi ta dukanka. Don Allah kada yayana ya ji wannan. Don Allah."

Ban gaya wa kowa ba sai abokina, shi kuma ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ban ce ka sunkuya ba? Ma'alish, yi haƙuri, ango, wushirya ta yi maka kyau."

Daga ranar na kafa dokoki, don ni mutum ne mai son komai a kan tsari. Ta farko, ba a sa wa Baba riga ta ka, ba a cire masa ta ka. Na kwashe duk irin waɗannan na ɗaure a jaka, na bar masu maɓalli kaɗai. Ta biyu, ba a zuwa masa ta baya, ba a dafa kafaɗarsa sai ya ga fuskar mutum. Ta uku, idan ransa ya ɓaci ya nufi kujerar lungu, a bar shi. Ba ya tashi daga kanta da kansa ko zai yini. Sai na je na ƙwanƙwasa jikin firji na ce, "Lokaci ya cika, Baba, fito." Sai ya miƙe kamar ba a yi komai ba.

Da wannan tsari muka zauna lafiya fiye da shekara guda. Gari ya hargitse, aka yi ta zanga-zanga, aka sa dokar hana fita, wuta tana ɗaukewa tana dawowa, amma a gidan nan komai da lokacinsa. Kullum da safe, bayan shayi, Baba zai je gaban hoton ya tsaya.

"Alƙali, har yanzu ni ne na farko?"

"Kai ne, Baba."

"Ba wanda ya wuce ni?"

"Babu."

Sai ya gyaɗa kai. Ya manta sunan matarsa, ya manta ƙasar da yake ciki, wani lokaci yakan ɗauka 'yarsa nas ce. Wannan abu ɗaya ne bai taɓa mantawa ba. Wata rana na nuna masa mutumin farko a hoton, na ce wannan fa? Ya ce, "Yaron kirki ne. Ko haƙori ɗaya bai rasa ba. Ni na tsare masa." Ya buɗe bakinsa ya nuna mini dasashi, yana dariya.

Cikin sanyin farkon 2014 saƙo ya zo daga ƙungiyar. Za su yi bikin karrama mutum huɗun nan. Wanda ba zai iya zuwa ba, ya sa rigar ƙungiya a ɗauke shi a bidiyo yana gaisuwa, a nuna wa 'yan kallo. Suka aiko da rigar, sabuwa fil, da lambarsa a baya. Riga ce mai kauri, ba maɓalli, da igiya a wuya. Ta ka ake sa ta.

Ni da Madam muka kalli juna. Ita ta fara cewa kada ma ya gani. Amma ya riga ya gani. Ya ɗauke ta ya rungume, ya sa hanci yana shinshina, hawaye suna bin fuskarsa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

"Ku sa mini," ya ce. "Yaushe za a shiga fili? Ku sa mini."

Ya yini yana maimaita maganar, washegari ya tashi da ita. Ya ƙi shayi, ya ƙi magani. Muka yi shawarar tsaga ta ta baya da almakashi, Madam har ta ɗauko, amma da ya ga almakashin kusa da rigar sai ya miƙe tsaye, muka ajiye. Daga ƙarshe muka tsara yadda za a yi. Da farko a zaunar da shi da hantsi, lokacin da ya fi natsuwa. Sannan a sa hannuwan riga tukuna. Sannan a naɗe jikinta kamar gammo, a wuce da ita ta kansa da sauri, yana kallon fuskar 'yarsa. Ni in tsaya a gefe in riƙe masa hira. Mun gwada a jikina sau da yawa, ya tafi daidai.

Ranar Asabar ce. Madam ta jingina wayarta a kan tebur tana ɗauka. Baba yana ta fara'a, har yana gyara gashinsa da hannu. Hannun dama ya shiga, na hagu ya shiga.

"Yalla, maza, Baba, dube ni," ta ce masa. "Ni ce. Yanzu za a gama."

Igiyar wuyan ta maƙale a kunnensa. Rigar ta warware ta rufe masa fuska. Ita kuma, don ta yi sauri, ta kama kafaɗunsa ta ja.

Na yi tsalle, amma hannunsa ya riga ni. Sau biyu ya kai mata. Na ji ƙarar ƙashi. Ta faɗi da baya, kanta ya bugi gefen tebur, wayar ta kife. Na rungumo shi ta gaba na fizge rigar daga fuskarsa ina cewa, "Khalas, Baba, khalas, an gama!" Ya tsaya yana huci. Ya zare jikinsa daga hannuna, ya tsallake ƙafafun 'yarsa, ya tafi lungun firji ya zauna, rigar tana rataye a wuyansa.

Na kira abokina, muka ɗauke ta tare da mai gadin gidan zuwa mota. Muƙamuƙinta ya karye. Ba ta iya buɗe baki, amma ta riƙe hannuna tana girgiza kai, na san me take nufi. Sai dai wannan ba haƙorin mai jinya ba ne da za a ɓoye. Asibiti suka nemi ɗan'uwanta, makarantarta ta kira shi.

Da na koma gida da la'asar na tarar da Baba a inda na bar shi. Bai motsa ba. A cikin ruɗewa na manta ban sallame shi ba. Na ƙwanƙwasa firji.

"Lokaci ya cika, Baba."

Ya ɗago kai. "Alƙali, wa na daka?"

Na miƙa masa hannu don ya tashi.

"Ba komai," ya ce. "Ka tabbata dai an rubuta mini mintunan."

Wan Madam ya iso cikin makon, da wani ma'aikacin jinya da allurai. Bai yi wa kowa faɗa ba. Mutum ne mai sanyin murya, kuma na lura ba ya taɓa tsayawa inda hannun ubansa zai kai. A nan na gane cewa shi ma ya san hannun nan tun yana yaro. Ranar tafiya na yi wa Baba wanka, na sa masa riga mai maɓalli, na ɓalla masa har wuya. Madam tana tsaye bakin ƙofa, bakinta ɗaure da waya, ba ta iya ko yi masa sallama. Ya wuce ta bai gane ta ba. Ni ya juyo ya kalla.

"Har yanzu ni ne na farko?"

"Kai ne, Baba."

Bai cika shekara a can ba ya mutu. Madam ce ta aiko wa abokina da labarin, shi ya gaya mini, kuma ranar bai yi zolaya ba. Ta ce a bikin ƙungiyar, da ba a samu bidiyonsa ba, sai aka haɗa tsofaffin faɗace-faɗacensa aka nuna a babban allo, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi.

Ba na ɗora wa kowa laifin abin da ya faru ranar Asabar ɗin nan. Mun yi tsari, tsarin bai riƙe ba. Abin da ya zauna mini a rai daban ne. Ni mai son dambe ne tun ina yaro. In an yi kaka aka buɗe fage, ba na fashi, na san wanda ya fi kowa kisa a yankinmu, na san mai bi masa. Ban taɓa tambayar ina suke kwana in sun tsufa ba, ko wa ke yi musu wanka. Yanzu na dawo gida, kuma har yau in na ji kiɗan dambe daga nesa, harshena yakan tafi gurbin haƙorin nan da kansa. Sai in ga Baba a lungun firji, hannuwa a gwiwa, yana jiran wanda zai ce masa ya fito. Tun da na dawo ban sake shiga fage ba.