Rabin Kwanon Da Kika Ɗauke Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 12 ga Nuwamba, 2024, Allah ya karɓi ran matata, Na Fengqin, a wani asibiti da ke nan Wuzhong, tana da shekara saba'in da biyu a duniya. Washegari bayan azahar muka kai ta makwancinta. Ni ne mijinta, Ha Wenkui, tsohon direban bas, kuma ni ne mai ciwon. Duk unguwarmu an ɗauka ni za a fara fitarwa daga gidan nan, ni ma haka na ɗauka.

Tsohuwa, kin tafi ba ki ba ni kouhuan ba. Yafiyar nan da ba ma yarda wani namu ya bar duniya sai an nema an bayar, wadda ko maƙwabcin da aka yi shekara ba a gaisa ba ake aika masa ya zo, ni mijinki na shekara arba'in da tara ban samu ba. Abin da ya hana ni sukuni ke nan, shi ya sa na ɗauki alƙalami duk da idona ba ya ganin layi sosai.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da likita ya ce ina da ciwon sukari. Ni dariya na yi, na ce mutumin da ya tuƙa bas shekara talatin a kan ƙanƙara ba zaƙi ne zai kayar da shi ba. Ke ba ki yi dariya ba. Ranar Alhamis ta farko kika ja ni zuwa asibitin unguwa, inda ma'aikaciyar jinya Zhou ta buɗe aji, kowane mai ciwo ya zo da matarsa ko mijinsa. Ta ce mana ciwon nan na mutum biyu ne, domin tukunya ɗaya ake dafawa. Kika zauna a gaba da ɗan littafinki, ke da ko firamare ba ki gama ba, kina zana kwano kina raba shi da layi. A nan kika koyi huda yatsa, da karanta lambar da na'ura ke nunawa, da yin allura a fatar ciki ba tare da ɓata wuri ɗaya ba. Ni kuwa ina baya muna gulmar gwamnati da wani mai ciwo irina, Tsoho Mu.

Abu ɗaya Zhou ta fi nanatawa: a rage wa mai ciwo rabin abin da ya saba ci. Rabin taliya, rabin shinkafa, rabin turararren burodi. Ta faɗi gaskiya, kuma ban ga laifinta ba. Sai dai babu wanda ya tambaya, cikinmu duka, ina rabin nan zai tafi.

Ni na san inda ya tafi, don a gabana aka yi. Ke 'yar shekarun yunwa ce. Kina da shekara takwas kika ga ƙanwarki ta mutu a bayan mahaifiyarku, kuma tun daga nan ba a taɓa ganin kin zubar da ƙwayar shinkafa ba. Ni kuma na kafe sai an cika mini kwano, na ce rabin kwano na marayu ne, ba za a kunyata ni a gidana ba. Sai kika samo dabara. Ki cika shi har ya yi tozo, ki ajiye mini, in kalla raina ya yi daɗi, sannan ki miƙo tsinken cin abincinki ki kwashe rabi ki zuba a naki.

"Ɓarauniya," in ce.

"Ci ka yi shiru, tsohon banza," ki ce. "In ka mutu wa zan yi wa faɗa?"

Haka muka yi safe da yamma, shekara goma sha ɗaya. In mun je gidan mutane aka kawo shayi da ƙanƙarar sukari da jan dabino, ba a mayar wa mai gida da shayinsa, sai ki shanye naki ki musanya kofunanmu a ɓoye ki shanye nawa. In an aiko da wainar sadaka daga gidan rasuwa, wadda ba a zubarwa kuma ba a ba dabba, ki gutsura mini ɗan abin da bai fi farce ba don in samu albarka, sauran ki cinye da bismillah. Alewar da 'yarmu Ha Ling take aikowa daga Shenzhen, ke. Ragowar kunun shinkafa, ke. Sukarina ya sauka ya zauna daram, har aka kira mu gaban aji aka ba mu jar takardar yabo. Na tsaya ina washe baki kamar ni na yi aikin.

Bara na lura kina shan ruwa da yawa. Buta guda kafin azahar. Na ce, "Tsohuwa, raƙumi kike so ki zama?" Kika ce gishiri ne ya yi yawa a miya. Kika fara ramewa, na ce kin koma budurwa, zan sake kai gaisuwa gidanku. Kika kasa zura zare a allura, na ce tsufa ne. Duk alamun nan suna rubuce a bangon ajin Zhou da manyan haruffa, shekara goma ina zama a ƙarƙashinsu. Sau ɗaya tak, da wasa, na kama yatsanki na ce bari mu gwada naki. Kika fizge.

"Kada ka yi ɓarnar tsinken gwaji. Naka ne. Ni mai gadi ce, ba mara lafiya ba."

Na saki hannunki. Wallahi na saki, har da dariya.

Ranar Asabar ɗin da ta gabaci rasuwarki, da safe kina murza taliya, bayan kwana huɗu kina fama da tari da zazzaɓi kina cewa mura ce, sai na ji muciya ta faɗi. Na same ki a ƙasa, hannunki duk gari, idonki a buɗe amma ba ki san ni ba. A asibiti wata matashiyar likita ta fito da takarda ta tambaye ni shekara nawa kike da ciwon sukari, kuma wane magani kike sha.

Na ce, "'Yata, kin yi kuskure. Ni ne mai sukari, ba ita ba."

Ta ce, "Baba, lambar sukarinta ta haura talatin da takwas. Wannan ba na jiya ba ne, ya yi shekaru. Yaushe rabon da a gwada ta?"

Na'urar gwajin tana cikin aljihun rigata a lokacin. Ke kika saka mini ita, kamar kullum, don kada in fita babu ita. 

Kwana uku kina kwance ba ki farfaɗo ba. Liman ya zo ya yi miki karatu. Yayanki Na Zhanlu ya zo da sandarsa, maƙwabta suka zo, 'yan ajinmu suka zo biyu-biyu, kowa ya sunkuya a kunnenki ya ce ya yafe. Da kowa ya fita na durƙusa a gefen gadon, gwiwoyin nan da ba sa lanƙwasuwa ko a salla, na ce, "Fengqin, ni ne. Ki ba ni kouhuan. Girman kaina ne ya cika kwanon nan, ke kika biya." Na maimaita har muryata ta dushe. Ha Ling ta ce ta ga yatsanki ya motsa. Yarinyar kirki ce, tana so ta kwantar mini da hankali, amma ni nake riƙe da hannun, kuma ban ji komai ba.

Yanzu ga ni. Ban san adadin allurar da kike yi mini ba, ban taɓa tambaya ba. Ha Ling ta je ta karɓo a rubuce, amma lambobin jikin allurar sun fi ƙarfin idona, kuma hutunta ya kusa ƙarewa. Tana so in bi ta zuwa Shenzhen, ni kuwa ba zan iya nisa da kabarinki ba. In ta zuba mini abinci rabin kwano take zubawa, daidai yadda aka koyar, ba wanda zan yi wa musu. Sai in zauna ina kallonsa har ya huce.

Alhamis ɗin da ta wuce na tafi aji ni kaɗai. Na miƙe ba tare da an ba ni izini ba, na ce a gwada masu rakiya duka, yau, yanzu. Zhou ta yi kuka, ta fito da kayan gwaji nan take. Wasu suka miƙa hannu. Matar Tsoho Mu ta ɓoye nata a hammata.

"Haba, Yaya Ha, ni fa lafiyata lau. Shi ne dai ba ya jin magana."

Kalmominki ne, har da yadda take harararsa. Na roƙe ta don Allah, na roƙe ta don Annabi, na ce wa ke cinye abin da Tsoho Mu ya rage? Amma ba ta ba da hannun ba. Zan koma mako mai zuwa, in ina da rai. Duk wanda ya karanta wannan, in akwai mai tsaron lafiyarka a gida, ka kama hannunta yau, kada ka saki don ta yi maka tsawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarmu Ha Ling da mijinta, ga Yaya Zhanlu da dukan dangin Na, da matan unguwa da suka yi mata wanka, da 'yan ajin Alhamis da suka rasa wadda ta fi kowa zuwa da wuri. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Fengqin. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Ta tsorata da yunwa tun tana yarinya, ka ciyar da ita daga abincin Aljanna, ka haɗa ta da ƙanwarta. Kowace loma da ta ci don in rayu, ka sanya ta a mizaninta. Ya Allah, kai kake jin abin da kunnuwanmu ba sa ji. In ta amsa mini a ranta a kan gadon nan, ka sanar da ni ko a mafarki ne, in kuwa ba ta ji ni ba, ka isar mata.

Tsohuwa, liman ya ce in yafe miki, na ce ban san me zan yafe ba, amma na yafe, duniya da lahira. Saura naki. Ina nan ina jira.