Ƙodar da Yayana Ya Ƙi Karɓa

Shekarar da ƙodojin yayana suka daina aiki, ina ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Maourey, a Yamai. Sau biyu a mako nake rufe shagon, in haye gada zuwa Harobanda, in ɗauko shi a taksi mu tafi wankin ƙoda. Direban babbar mota ne a da, ƙaƙƙarfa, amma a lokacin sai na riƙe shi yake hawa matakala.

Wata rana wani mutum mai kwat ya tare mu a ƙofar asibiti. Ya ce ya san wata ƙasa can gabas mai nisa, inda ake dashen ƙoda ba jira.

"Mako biyu, Alhaji," in ji shi. "Ranar aikin ma tun daga nan za a sa maka."

Muka koma gida ina ta murna.

Cikin masu kawo mini ɗinki akwai wata ƴar waccan ƙasar da mai kwat ya ambata, mai sayar da kayan roba kusa da kasuwa. Faransancinta guntu-guntu ne, nawa ma haka. Da ta zo gwajin riga na ba ta labari, don in ji ko garinsu da sanyi. Sai ta ajiye rigar, ta zauna a benci.

Ta ce ƙanenta yana bin wata hanyar ibada da hukumarsu ta hana, wadda ake zama shiru ana motsa jiki a hankali. Aka kama shi. Sau ɗaya mahaifiyarsu ta samu ganinsa, ya gaya mata ana yawan ɗibar jininsa, ana duba cikinsa da na'ura, alhali lafiyarsa ƙalau. Bayan ƴan watanni aka kira su, aka ce ya mutu an ƙone gawar, aka miƙa musu tokarsa a tulu. Ba su ga gawar ba.

"Ana cewa ana cire sassan jikin irin waɗannan fursunonin a sayar, hukuma ta ce ƙarya ce. Ni ma ban gani da idona ba," ta ce. "Amma ki tambayi mai kwat ɗin, ƙodar wa ce ke zaune tana jiran yayanki?"

Kwana uku na riƙe maganar a cikina. Wallahi na so in yi shiru. Rana ta huɗu, bayan la'asar, na faɗa wa yayana, na ƙara da cewa, "Yaya, zargi ne fa kawai, ba tabbas."

Ya gyara zama a kan tabarma, ya ce:

"In kuma gaskiya ne fa, ƙanwata? Da wane ciki zan tsaya salla?"

Na yi kuka, na roƙe shi, har na gaya masa maganar da nake nadamarta yau. Bai sake ɗaukar wayar mai kwat ba. Na je aka gwada ni ko tawa za ta yi masa, likita ya ce jininmu bai dace ba. Da damina ta kama, ya rasu.

Mai kayan robar nan ta zo gaisuwa da ɗankwali ɗaure a karkace, ta zauna cikin mata ba ta jin abin da ake faɗa. Na kasa kallonta. Ban gode mata ba, ban kuma zarge ta ba. Kafin in samu zuciyar zuwa wurinta, aka ce mini ta bar Yamai.