Tsakuwar da ta raba ni da haƙorina

Edita, ka ba ni fili in amayar da abin da ke cina. Shekara da shekaru ni mai sayen hatsi ne a Daura, ina bin kasuwannin Baure da Mai'aduwa ina tara masara da wake. A sana'armu haƙori ne alƙali. Kafin ka sayi buhu sai ka zura hannu can ƙasa, ka ɗebo ƙwaya biyu ka ciza. In ta ce ƙas, ta bushe. In ta lotsa, da sauran danshi, kuma in ka kai ta sito haka fumfuna ce za ta gama da ita. Haka na ga mahaifina yana yi, ni kuma ina taƙama ba a taɓa cusa mini ɗanyen hatsi ba.

Sai haƙorina na turmi, na gefen dama, ya yi kogo. Da azaba ta ishe ni na tafi asibitin haƙori a Katsina, na tarar da likita mace, sa'ar 'yata. Ta kashe jijiyar, ta ce yanzu haƙorin ya zama kamar busasshen icce, sai an sa masa hula. Ta nuna mini wata fara tas, wai zirkoniya, ta ce ta fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ƙarfin nata a kaurinta yake, don haka sai ta goge haƙorin sosai hular ta samu wuri. Ni dai kalmar ƙarfi kaɗai ta shiga kunnena. Da injin ya fara kuka a bakina na ɗaga hannu na ce ya isa, ba za a cinye mini abin da Allah ya ba ni ba. Ta yi bayani, ta maimaita, na kafe. Ba yadda ta iya, aka yi mini siririya. Ranar da ta sa mini ita ta ce, "Baba, ko ƙarfe yana da iyaka. Hatsi, ƙashi, goruba, kada ko ɗaya ya hau kan haƙorin nan." Na ce to, 'yata, a raina kuwa ina cewa yarinya ba ta san kasuwa ba.

Sati biyu na yi ina kiyayewa, daga nan hali ya dawo. Har nuna wa abokan sana'a nake yi, ina cewa haƙorina ya fi nasu. Ran wata kasuwar Baure, da kaka, wani manomi ya kawo masarar da aka casa a ƙasa. Na ɗebo na watsa baki ba tare da na duba ba, ashe da tsakuwa. Ƙarar a tsakiyar kaina na ji ta. Na tofo farin guntun hula a tafin hannuna, na jefa aljihu, na ci gaba da ciniki kamar ba komai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban koma asibiti ba. Kunyar yarinyar nan nake ji, kada ta ce ai ta faɗa mini. Na riƙa cusa kanumfari ina ci gaba da tauna a kai. Mai ɗakina ta yi magana har ta gaji. Sai da kuncina ya kumbura, ko tuwo ya gagare ni, sannan na je. Likitar ta ɗauki hoto, ta ce saiwar ta rabe biyu, sai dai cirewa. Ta ce da a makon da hular ta fashe na zo, hula kawai za ta sake. Ko faɗa ba ta yi mini ba, wannan ya ƙara ƙona mini rai. A mota na zagi manomin, na zagi masu ƙera hular, na nemi wanda zan ɗora wa laifi har muka iso Daura ban samu ba.

Na koyi cewa in an ce abu yana da ƙarfi, ba a ce ba ya fashewa ba. 'Yan'uwana masu cizon hatsi, da teloli masu yanke zare da baki, in an sa muku hular haƙori ku bari likita ya yi aikinsa yadda ya sani, ku riƙe sharaɗinsa, in ta tsage ku koma a ranar. Yanzu 'yar filaya nake yawo da ita a aljihu ina matse masara, abokai suna ce mini makanike. Tana faɗa mini gaskiyar hatsi daidai da yadda haƙorina yake yi a da, kuma tun farko akwai ta a kowane shago.