Motar da Kawu Ya Ƙi Yarda da Ita

Jiya warin fenti ya taso daga gidan maƙwabcina, sai na tuna Kawu, ƙanen Inna. Shi ƙyalli bai taɓa ruɗinsa ba.

Ranar da na sayo tsohuwar mota a Yelwa, na kai masa ina murna. Ya ƙwanƙwasa ƙofarta, ya kasa kunne.

"Mi suka ɓoye ƙarƙashin wanga fenti? Kada ka sa iyalinka ciki tukuna."

Na ji haushi. Da ya goga samfefa, ashe tsatsa ta cinye har ƙasan kujera. Mako biyu muna kankara a tsakar gida, jar ƙura a gemunsa. Mai walda ya liƙe ramukan, muka shafa fentin farko, sannan shuɗi. Har yau ita ke kai mu Wara.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa ka huta.